Yadda Za Ka Kwafe Waƙoƙin Faifan Garmaho Zuwa Wayarka Kafin Ƙura da Zafi Su Cinye Su

Yawancin tsofaffin waƙoƙin Hausa da ke yawo a WhatsApp da YouTube daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin ma an kwafe shi daga wani kaset. Shi ya sa muryar ke dushewa, kalangu ya koma kamar ana kaɗa shi a rijiya. Amma a shekarun 1960 da 1970, kamfanoni irin su EMI da Decca sun buga waƙoƙin mawaƙan Najeriya a faifan garmaho, kuma mawaƙan Hausa irin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, suna cikin waɗanda aka buga. Faifan da ke kwance a akwatin kakanka zai iya fin duk kwafin da ke intanet tsabtar sauti.

Matsalar ita ce faifai ba ya jure yanayinmu. A Sakkwato zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, faifan roba kuma yana lanƙwasa idan ya daɗe a ɗakin kwano. A nan Kalambaina, inda kamfanin siminti ke aiki tun 1967, ga ƙurar hanyar manyan motoci, ga ta hunturu. Ƙura na shiga siraran layukan faifan, allura ta riƙa niƙa ta, duk kunnawa ɗaya sautin na ƙara lalacewa. Mafita ita ce a kwafe shi sau ɗaya, da kyau.

Kayan da ake buƙata

Garmaho mai kebul ɗin USB ya fi sauƙi. Audio-Technica AT-LP60XUSB yana juya faifai mai gudun 33 da mai 45, shi kuwa AT-LP120XUSB har da mai 78. Idan tsohon garmaho ne a gidanku, kada ka haɗa shi kai tsaye da kwamfuta. Sautin allura ba shi da ƙarfi, kuma da gangan ake rage kaurin sauti lokacin buga faifai, sai an samu ƙaramin amfilifaya na garmaho ya mayar da shi daidai. Behringer UFO202 yana yin wannan aikin, ya kuma tura sautin ta USB. Manhajar ɗauka ita ce Audacity, kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya gwada wayar Android da kebul ɗin OTG da manhajar USB Audio Recorder PRO.

Yadda ake ɗauka

Fara da goge faifan da tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta, kana bin zagayen layukan, ka bar shi ya bushe a inuwa. Faifai mai gudun 78 ba na roba ba ne: yana fashewa, sifirit na narkar da shi, kuma allurarsa daban ce.

A Audacity, zaɓi USB a matsayin mashigar sauti, ka sa 44,100 Hz. Gwada wurin da kiɗan ya fi ƙarfi, ka tabbata ma'aunin bai wuce -6 dB ba, domin sautin da ya fashe a ɗauka ba ya gyaruwa. Idan ka ji gurnani a ƙasan waƙar, ɗaure siririyar wayar ƙasa ta garmahon, ka cire cajar kwamfuta. Ka guji ƙaramin janareto, domin wasu tsofaffin garmaho gudunsu na bin wutar da aka ba su. Inbata ta fi.

Ɗauki fuska guda gaba ɗaya, kusan minti 20 ke nan, ka adana ta a WAV. Kowane minti na cin kusan MB 10. Wannan shi ne uwar kwafi, kada ka taɓa shi. A kan wani kwafin za ka yi amfani da Click Removal don rage ƙas-ƙas. Noise Reduction kuwa kaɗan ake sawa, in ya yi yawa yana cinye zaƙin kuntigi da muryoyin 'yan amshi. Daga nan ka raba waƙoƙin, ka fitar da MP3 don waya.

Kada suna ya ɓace

Ɗauki hoton tambarin tsakiyar faifan da kwalinsa, ka rubuta sunan mawaƙi, da waƙa, da kamfani, da lambar faifan a bayanan fayil. Waƙoƙi da yawa na yawo yau da sunan wanda ba shi ya rera su ba, saboda babu wanda ya yi wannan. Ajiye uwar kwafin a wuri biyu, filashi da Google Drive.

Sai batun haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙoƙi, kuma mawaƙan nan sun bar magada. Kafin ka ɗora waƙa a YouTube ko ka sayar a kasuwa, nemi izini. Faifan kuma ka mayar da shi kwalinsa, ka jingina shi a tsaye, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.