Dillancin zamani: ina masu rubutu a intanet suke samun kuɗi?

Hirarmu ta yau a kan wata sana'a ce da samarinmu suke yawan zancenta. Kuna ganin mutum yana rubuta labarai a intanet, ko yana nuna yadda ake gyaran babur ko girkin abinci. Ku kuma kuna dubawa a salula, ba ku ba shi ko tamma ba. To, shi da me yake ci? Manyan hanyoyin biyu ne: dillanci da talla.

Hanya ta farko: dillanci

Kowa ya san dillali. A kasuwar bisashe shi ke haɗa mai saniya da mai saye. In ciniki ya faɗa, ya karɓi la'adarsa. In bai faɗa ba, ya sha rana a banza. A intanet ma haka abin yake.

Kamfani mai sayar da kaya yana ba marubuci wani adireshi na musamman mai ɗauke da lambarsa. Marubucin ya yi bayani a kan wata radiyo, misali, ya sa adireshin a ƙarƙashi. Duk wanda ya latsa, sai ya ga kansa a kantin kamfanin. Nan take ake ajiye wata ƴar alama cikin salularsa, wadda ke shaida wa kamfani wanda ya turo shi. In ya sayi radiyon, a rubuta wa marubuci la'ada. Ba a ƙara wa mai saye kome. Kamfani ne ke biya.

Kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe irin wannan tsari a 1996. A wurinsa, sai mai saye ya zaɓi kayan kafin awa 24 ta cika, in ba haka ba dillali ya rasa. Kuma kamfani ne ke yanka la'ada yadda ya ga dama. A 2020 Amazon ya rage ta kayan ɗaki daga kashi 8 cikin 100 zuwa kashi 3, ta kayan abinci daga kashi 5 zuwa kashi 1. Dillalai da yawa sun wayi gari abin da suke samu ya ragu da fiye da rabi.

Ku ɗauki alli mu yi lissafi. A ce radiyon jika 20 ce, la'ada kashi 3. Rabon dillali tamma 600 ke nan, watau dala 120. A ce mutum 1.000 sun karanta, 50 sun latsa, 2 sun saya. Ya samu jika ɗaya da dala 40. Kun ga sai an tara jama'a mai yawa kafin a sayi buhun hatsi.

Hanya ta biyu: talla

Nan marubuci haya yake bayarwa, kamar mai gida a bakin kasuwa da ya yarda a liƙa allon talla a bangonsa. Yana barin wani fili a shafinsa, ƴan kasuwa su sa tallarsu. Ba shi ke yawon neman su ba. Kamfanin Google ya kafa wani tsari mai suna AdSense a 2003, shi ke shiga tsakani. Ƴan kasuwa suna yin gwanjon filin, na'ura tana yanke ciniki kafin ƙiftawar ido. Daga abin da aka biya, marubuci yana samun wajen kashi 68 cikin 100. Amma ba a aiko masa sai kuɗin sun kai dalar Amurka 100. Ku lura, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Wannan ya haura jika 50.

YouTube ya fara raba kuɗin talla da masu sa bidiyo a 2007, yana ba su kashi 55. Tun 2018, mai dogayen bidiyo ba ya shiga rabon sai ya tara mabiya 1.000, an kuma kalli aikinsa awa 4.000 cikin wata 12.

Ku sani kuma, farashin talla ya danganta da inda mai kallo yake. Ɗan kasuwa ya fi biya da tsada don mai kallo na Amurka ko Faransa, don can aka fi sayen kayansa. Mai rubutu da Hausa, wanda masu karanta shi suke Maraɗi ko Damagaram, sai ya tara jama'a ninki da yawa kafin ya kamo su.

Abin da za ku riƙe

Na ɗaya, shiga AdSense ko dillancin Amazon kyauta ne. Wanda ya ce ku biya kuɗin rajista, ku riƙa latsa talla kullum, ku kawo ƴan uwa don kuɗinku su haihu, ku guje shi. Da kuɗin na baya ake biyan na gaba, ranar da sababbi suka daina zuwa, shi ke nan. Haka MMM ya tsaya da biya a Nijeriya cikin Disamba 2016, mutane da yawa suka yi asara.

Na biyu, marubucin da ke latsa tallar shafinsa, ko ya sa abokai su latsa, Google yana ganewa, ya rufe masa asusu.

Na uku, ku masu karatu, in kun ga an cika yabon wani kaya, ku tuna mai yabon yana iya zama dillali. Shi ya sa Faransa ta yi doka a 2023, ta tilasta wa masu wannan aiki su rubuta a fili cewa talla ce. Ku bincika kafin ku fid da kuɗin guminku.

Kai kuma saurayi mai sha'awar sana'ar, jarinka shi ne yardar jama'a. Dillalin da ya sayar da saniya maras lafiya sau ɗaya, kasuwa mai zuwa ba mai nemansa. Ka koyi abin da za ka rubuta, ka faɗi gaskiya a kan kaya, kada ka saki aikin da ke hannunka tun ba ka ga kuɗin farko ba.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.