Maganin da Ya Karɓe Ta

Wata ranar Talata muna zagayen duba marasa lafiya, ni da ɗalibaina 'yan shekara ta biyar, muka tsaya a gadon wata yarinya mai shekara 22. Wata takwas ke nan zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Gaɓoɓin yatsunta sun kumbura, ƙafafunta sun yi suntum, gashinta na zuba har kitso ya gagara. Mahaifiyarta ta kwance bakin leda ta zazzage mana kwalaye a kan gado: maganin maleriya kala huɗu, na taifot kala biyu, da ƙananan ƙwayoyin firedinisolon da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba.

"Likita, babu wanda ya karɓe ta," in ji uwar. "Wannan ƙaramin ne kawai ke ɗan lafa mata, da ta daina sai ciwon ya dawo sabo."

Na ce wa ɗaliban su dubi fuskarta. Suka duba, suka yi tsit. Dukkansu sun haddace cewa cutar lufus tana fitar da jan ƙurji a kumatu da karan hanci mai siffar malam-buɗe-littafi. Sai dai hoton da ke littafinsu na Baturiya ne. A fatar yarinyar nan babu ja, duhu ne ya ƙaru kamar tsohon tabon ƙuna. Ga abu a gabansu amma idonsu bai san shi ba. Ban ga laifinsu ba, ni ma haka aka koya mini.

Lufus tana cikin cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, ta haddasa kumburi a gaɓoɓi, ko fata, ko hanji, ko ƙoda. Amosanin gaɓɓai mai lanƙwasa yatsu ɗan gidansu ne. Cikin masu lufus goma, kusan tara mata ne, kuma ta fi tsanani a baƙar fata. A 1968 Brian Greenwood ya wallafa bincikensa daga Ibadan yana cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a Nijeriya. Maganar ta daɗe a bakin malamai, kuma abin da likita bai sa ran gani ba, da wuya ya neme shi.

Kalmar da uwar nan ta faɗa ita ce gaba ɗaya abin da nake so ɗalibaina su koya. Mu Hausawa tun tuni mun san magani yana karɓar wani ya ƙi wani. Sabon ilimin da ake ta magana a kai, na ba kowa magani daidai da jikinsa, ƙoƙari ne na gane dalilin hakan kafin a ba da maganin, ta hanyar duba jinin mutum da ƙwayoyin halittar da ya gada. An kammala karanta taswirar ƙwayoyin halittar ɗan Adam a 2003, kuma a 2015 Shugaba Obama ya ƙaddamar da babban shiri kan wannan fanni a Amurka.

Dubi alluran da ke toshe sinadarin kumburi mai suna TNF, waɗanda aikin Ravinder Maini da Marc Feldmann a Landan ya buɗe musu hanya. Sun miƙar da mutanen da amosani ya kwantar. Amma kusan ɗaya cikin uku ba sa samun sauƙin kirki da su, ga tsada, kuma suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki. A ƙasar da tarin fuka ya yi yawa irin tamu, ɗalibin da ya san sunan allurar bai san a binciki tarin fuka tukuna ba, haɗari ne a sake masa alƙalami.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin halitta a kansu 'yan asalin Turai ne. Alhali jininmu yana da nasa labarin. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, abin da ke kare su daga wani nau'in maleriya. Masu irin wannan jini, adadin wasu fararen ƙwayoyin jininsu yakan fito ƙasa da ma'aunin littafi, kuma lafiyarsu ƙalau. Akwai ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a cikinmu: ka ba mai shi maganin dafson, jininsa ya farfashe, fitsarinsa ya koma kamar shayi. Akwai kuma sauyin ƙwayar halittar APOL1 da aka gano alaƙarsa da ciwon ƙoda a 2010. Yana ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma mai lufus da ya gaje shi ta uwa da uba, ƙodarsa ta fi saurin lalacewa.

Ba kowane gwaji muke da shi ba, kuma wanda muke da shi ba kowa ke iya biya ba. Shi ya sa nake fara koyarwa daga abin da ke hannu. Kowane ɗalibi sai ya tsoma tsinken gwaji a fitsarin mai ciwon gaɓoɓi da kansa, ya ga furotin da idonsa. Sai ya tambayi tarihin dangi da Hausa, ba da Turancin littafi ba: wa ya taɓa ciwon ƙoda, auren zumunci ne, wane magani ya taɓa sa ta ƙaiƙayi? Sai ya rubuta adadin ƙwayoyin jini kafin a fara magani. Idan ya rubuta maganin metotirezet, sai ya maimaita wa mara lafiya har sau uku cewa sau ɗaya ake sha a mako, domin shan sa kullum yana kisa.

Fitsarin yarinyar nan ya nuna furotin da yawa, cutar ta taɓa ƙoda. Sai da mahaifinta ya sayar da tunkiya aka aika jininta gwajin tabbatarwa. Muka yi watanni muna lallaɓa ciwon, daga baya muka mayar da ita kan azatiyofirin. Wata rana ɗaya daga cikin ɗaliban ta same ni a baranda da takarda a hannu, hankalinta a tashe.

"Malam, fararen ƙwayoyin jininta sun yi ƙasa. A tsayar da maganin?"

Na ce ta ɗauko fayil ta duba sakamakon ranar farko. Ta buɗe, ta bi layin da yatsa. Adadin bai motsa ba, haka yake tun kafin a fara maganin, kuma haka ya tsaya bayan ciwon ya lafa. Ta daɗe tana kallon takardun biyu, sannan ta zaro biro ta rubuta a bangon fayil ɗin da manyan baƙaƙe, don likitan da zai zo bayanmu.

Ranar da suka dawo asibiti bayan Sallah, yarinyar ta zame ɗankwalinta kaɗan ta nuna wa ɗalibar kitso, ƙananan shuku guda shida. Uwar ta ce, "Likita, wannan kam ya karɓe ta." Na miƙa wa ɗalibar kwalbar fitsari, na ce ta je ta gwada, mu ga abin da ƙodar ke ciki.