Yadda Ake Yi Wa Ma'aikatan Birni Gwajin Ƙwaya A Amurka, Da Abin Da Ya Sa Kofin Gwaji Kaɗai Ba Ya Yanke Hukunci

A kasuwannin intanet ana sayar da ɗan kofi ko tsinken gwajin ƙwaya wanda ke fitar da sakamako cikin kamar minti 5. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar na'urar ta nuna alama, shi ke nan an kama ɗan ƙwaya. A Amurka, inda aka shafe fiye da shekara 30 ana gwada direbobin bas, direbobin motocin shara da matuƙan jiragen ƙasa na hukumomin birane, wannan sakamako na farko bai isa a hukunta kowa da shi ba. Mataki ɗaya ne kawai cikin jerin matakai.

Daga ina tsarin ya samo asali?

A Janairun 1987, jiragen ƙasa biyu sun yi karo a jihar Maryland, mutum 16 suka mutu, aka kuma gano matuƙin ɗaya daga cikinsu ya sha tabar wiwi. A Agustan 1991 wani jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kauce daga layinsa a birnin New York, mutum 5 suka mutu, matuƙin kuwa a buge yake da giya. A shekarar ce aka kafa dokar tarayya da ta wajabta gwajin ƙwaya da giya ga ma'aikatan sufuri masu riƙe da rayukan jama'a.

Sai dai ba kowane ma'aikaci dokar ta shafa ba. A 1989 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce gwajin fitsari da gwamnati ke tilastawa wani nau'in bincike ne a jikin mutum, don haka sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Shi ya sa ake iya yi wa direban bas gwajin ba-zata, amma da wuya kotu ta yarda a yi wa akawun ofis haka siddan.

Kwamfuta ce ke zaɓen wanda za a gwada

Ana gwaji kafin ɗaukar aiki, bayan haɗari, idan an ga alamar maye, lokacin komawa bakin aiki bayan an taɓa kama mutum, sai kuma gwajin ba-zata. A wannan na ƙarshe, oga ba shi da ikon nuna wanda yake so. Manhaja ce ke fitar da lambobin ma'aikata kamar ƙuri'a, kuma duk zagaye sunan kowa yana komawa cikin kwando. Don haka wani zai iya faɗowa sau biyu a shekara, abokin aikinsa bai faɗo ko sau ɗaya ba. Ga direbobin manyan motoci, yawan gwajin ƙwaya a shekara dole ya kai kashi 50 cikin 100 na adadin direbobin.

A wurin karɓar fitsari

Ma'aikaci zai nuna katin shaida mai hoto, ya fitar da abin da ke aljihunsa, ya wanke hannu. Ana zuba launin shuɗi a ruwan masai don kada a ɗiba a tsarma fitsarin. Ana buƙatar aƙalla mililita 45, kuma cikin minti 4 mai karɓa zai duba ma'aunin zafin da ke manne a jikin kofin. Idan bai faɗa tsakanin digiri 32 zuwa 38 na Selshiyos ba, ana zargin daga gida aka zo da shi.

A gaban mai fitsarin ake raba shi gida biyu: mililita 30 a kwalbar A, 15 a kwalbar B. Sai a liƙe kowace da hatimi mai lamba, ya sa hannu a kai. Duk wanda kwalaben suka bi ta hannunsa sai an rubuta a takardar rakiya, wadda yanzu wurare da yawa a kwamfuta ake cike ta. Ƙin yarda a yi gwajin kuwa, hukuncinsa ɗaya da na wanda aka kama.

Gwaji biyu, ba ɗaya ba

A ɗakin gwaje-gwaje ana fara yin gwajin tacewa, mai aiki irin na kofin nan na kasuwa. Akwai sinadaran da ke kama duk abin da siffarsa ta yi kama da ta ƙwayar da ake nema. Yana da sauri da araha, amma kama da wane ba ta wane. An sha samun maganin mura mai sudo'efedirin ya fito kamar amfetamin, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ofloksasin su fito kamar dangin kodin, efabirenz na masu cutar ƙanjamau kuma ya fito kamar wiwi.

Saboda haka duk samfurin da ya nuna alama sai an kai shi na'ura ta biyu, GC-MS ko LC-MS. Ita tana rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya, ta farfasa kowanne, ta auna nauyin gutsattsarinsa. Abin da ya fito tamkar zanen yatsa ne, kowane sinadari da nasa.

Akwai kuma iyaka. Ga wiwi, sai an samu nanogiram 50 a kowace mililita a gwajin farko, 15 a na biyu. Ƙasa da haka, babu komai ake rubutawa. A 1998 an ɗaga iyakar mofin da kodin daga 300 zuwa 2,000, domin ƙananan 'ya'yan shukar ofiyom da ake barbaɗawa a kan burodi kamar riɗi suna sa a zargi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Likita kafin oga

Sakamako ba ya tafiya ofis kai tsaye. Wani likita mai tantancewa ne zai fara kiran ma'aikacin, ya tambaye shi ko yana da takardar asibiti. Idan likita ne ya rubuta masa kodin bisa ƙa'ida, za a sanar da ofis cewa ba a same shi da laifi ba. Idan kuma an tabbatar da laifin, yana da awa 72 ya nemi a buɗe kwalbar B a wani ɗakin gwajin daban. Tun Janairun 2020 ana shigar da laifin direbobin manyan motoci a rumbun bayanai na intanet, wanda duk mai ɗaukar direba dole ya duba.

Abin da gwajin ba ya iya faɗa

Fitsari yana nuna an sha abu a baya ne, ba ya nuna mutum a buge yake yanzu. Hodar ibilis kan ɓace cikin kwana 2 zuwa 4, amma wiwi tana iya kai makonni a jikin mai sha kullum. Sannan abin da aka saita gwajin ya nema kaɗai yake gani. Jerin da ake amfani da shi ga ma'aikatan sufurin Amurka ya ƙunshi wiwi, hodar ibilis, amfetamin, PCP da dangin kodin, amma babu tiramol a ciki.

Wannan ya shafi Najeriya, inda hukumar NDLEA ke kira a riƙa gwada ma'aikata, ɗalibai da masu neman muƙami. Kofin da aka ƙera don kasuwar Amurka zai iya wanke mai shan tiramol, ya kuma shafa wa mai shan maganin asibiti kashin kaji. Karanta shi ma sai an lura: a yawancin irin waɗannan na'urori layi biyu na nufin babu ƙwaya, layi ɗaya ne ke nufin akwai, saɓanin tsinken gwajin ciki ko na maleriya.

Duk wanda aka ce kofin gwaji ya kama shi, ya kamata ya tambayi abu uku: wace ƙwaya aka nema, an tabbatar da sakamakon a ɗakin gwaje-gwaje, sannan an ajiye ragowar samfurin don sake aunawa? Mai shan magani kuma ya riƙe takardar likitansa, ko ya ɗauki hotonta a waya kafin ranar gwaji.