Tumbi Ba Arziki Ba Ne

A da, in mutum ya ajiye tumbi mukan ce hutu ya samu. Yanzu mun ga inda ƙiba take kai masu gida: hawan jini da ciwon suga, ga yara ba su gama makaranta ba.

Iyayenmu sun ci tuwo sosai, amma fartanya ta narkar da shi. Mu kuwa zama muke yi. Sai mu rage malmala, mu ƙara wake da zogale. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Mai yi shi kaɗai yakan bari bayan kwana uku. Amma in mu biyar muke zagaya filin makaranta da sassafe, wanda ya makara za mu buga masa ƙofa.