Gubar Da Ke Ɓoye A Cikin Takin Bola

Manoman da ke kewayen birnin Kano sun daɗe suna amfani da takin bola. Da rani akan ga jakai da motoci suna kwasar juji daga cikin gari zuwa gonaki. A da can, toka ce da kashin dabbobi suka fi yawa a ciki. Yanzu kuwa bola ta canja. Ana zuba mata mataccen batir, da gwangwanin fenti, da baƙin mai na gareji, da tarkacen rediyo da wayoyi.

Waɗannan tarkace suna ɗauke da wasu ƙarafa masu guba. Wanda aka fi sani shi ne dalma. Akwai kuma kadmiyam a cikin wasu batura, da kuromiyam wanda masana'antun jima suke aiki da shi. Ganye yana ruɓewa, kashin shanu yana ruɓewa, amma su ba sa ruɓewa. Idan suka shiga ƙasa sai su zauna shekara da shekaru. Ba a ganinsu da ido, kuma ba su da wari.

Shuka tana zuƙar su ta saiwa. Kayan lambu masu ganye, kamar alayyafo da latas, sun fi saurin ɗauka. Tana da sauran ƙananan halittun da ke gyara ƙasa sukan ragu, gona ta yi rauni. Akuya da kazar da ke kiwo a juji su ma suna ci. Ruwan sama kuma yana wanke gubar zuwa rafi, ta kai ga kifi. A Kano, gurɓataccen ruwan masana'antun Bompai yana gangarawa rafin Jakara, inda ake ban ruwan lambu.

Yara ne suka fi shiga haɗari, domin a ƙasa suke wasa, kuma hannu ba ya rabo da baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta sa ya kasa gane karatu. Idan ta yi yawa sai ya riƙa shiɗewa. A shekarar 2010 an ga haka a Jihar Zamfara, a garuruwa irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Mutane suna niƙa duwatsun zinariya a cikin gida, ƙurar dalma ta cika tsakar gida. Yara wajen 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidajen, aka zuba sabuwa.

Don haka kafin a watsa takin bola, a tsince batir da gwangwani da wayoyi, kuma kada a ƙone su. Kada a yi lambu kusa da gareji ko wurin fasa batir. A wanke ganye sosai, ko da yake wanki ƙurar waje kawai yake fitarwa, dafuwa ma ba ta kashe gubar. Idan ana zargin yaro ya kamu, a kai shi asibiti a gwada jininsa.