Daga Zambo Zuwa Kirari: Yadda Kalma Ɗaya Ta Haifi Jama'a a Intanet

1.0 Gabatarwa

Masana al'adu sun daɗe da lura cewa ba a samun jama'a sai da suna, kuma sau da yawa sunan da jama'a ke amsawa ba su ne suka raɗa wa kansu shi ba. Wani lokaci ma makwabta ne ko abokan gaba ke laƙaba shi don gori, sa'an nan a kwana a tashi masu shi su rungume shi ya zama abin tutiya. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba misali ɗaya na irin wannan juyi, watau jama'ar da ta taru a dandalin YouTube a kewayen wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, John Green da ƙanensa Hank Green, tun daga ranar 1 ga Janairu 2007. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa harshe ne, watau suna da take da gaisuwa, ya mai da tarin 'yan kallo waɗanda ba su san juna ba suka zama jama'a mai iya ɗaukar nauyi.

2.0 Kalmar da Tarihinta

Kalmar da ake magana a kanta ita ce nerd. An fara ganinta a rubuce a shekarar 1950 cikin wani littafin yara na Dr. Seuss, inda take sunan wata halitta ta ƙage. A shekarar 1951 mujallar Newsweek ta ba da labarin cewa samarin birnin Detroit suna amfani da ita ga mutumin da bai waye ba. Daga nan ma'anarta ta yi ta tsukewa har ta tsaya a kan wani irin yaro da kowace makaranta ta san shi: mai naci ga littafi, mai ƙwazo a lissafi ko kimiyya, amma marar kataɓus a filin wasa, wanda kuma ba ya iya hira cikin tsara. A taƙaice dai zambo ce.

Babu kalma ɗaya a Hausa da ta yi daidai da ita, amma mai karatu zai gane yanayinta in ya tuna da yadda "ɗan boko" ya taɓa zama gori a bakin mutanen gari, kafin zamani ya juya har wasu su riƙa amsa shi da fara'a. Abin da ya juya wa kalmar nerd zamani shi ne bunƙasar kwamfuta. Yayin da waɗanda aka yi wa dariya a aji suka zama masu manyan kamfanoni, sai kaifin gorin ya fara dakushewa. Amma dakushewar gori daban, mai da shi tuta kuma daban.

3.0 Mafarin Jama'ar

An haifi John Green a 1977, Hank kuwa a 1980. John marubucin ƙagaggun labarai ne na matasa, Hank kuma ya karanci kimiyya. A farkon 2007 ɗaya yana Niyok, ɗaya yana Mizula ta jihar Montana, kuma sun lura zumuncinsu ya koma 'yan gajerun saƙonni na rubutu. Sai suka yi alkawari za su yi shekara guda cur ba su rubuta wa juna komai ba. A maimakon haka, a kowace ranar aiki ɗayansu zai ɗauki kansa a bidiyo yana yi wa ɗan'uwansa magana, ya ɗora a YouTube, washegari ɗayan ya mayar. Suka kuma kafa doka cewa bidiyo ba zai wuce minti 4 ba, wanda ya karya kuwa a yanke masa horo na ban dariya.

Ya kamata a lura da siffar wannan magana, domin a nan asirin yake. Ba jawabi ba ne ga duniya, wasiƙa ce ta baka daga wa zuwa ƙane. Kowane bidiyo yakan buɗe da gaisuwar safiya da ambaton sunan ɗan'uwan da sunan ranar. Saboda haka mai kallo ba ya jin kansa a zauren lacca, sai dai kamar baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma a tsakar gida yana sauraren hirar 'yan gida. A watan Yuli na shekarar, wata waƙa da Hank ya yi game da littafin ƙarshe na jerin Harry Potter ta fito a shafin farko na YouTube, sai masu kallo suka ƙaru ƙwarai da gaske.

4.0 Suna, Take da Alama

A farkon wannan shekara ne John ya ga wata na'urar wasa a filin jirgin sama mai suna Aero Fighters, ya yi kuskuren karanta ta da Nerd Fighters. Daga wannan tuntuɓen ido sunan Nerdfighter ya fito, ƙasar da suka ƙaga wa kansu kuma ta zama Nerdfighteria.

Ginin sunan yana da harshen damo a Ingilishi, domin yana iya nufin mai yaƙar nerd, yana kuma iya nufin nerd mai yaƙi. Hausa ba ta da wannan matsala, tun da ta bambanta "mai yaƙi da jahilci" da "mayaƙin 'yanci": na farko yana yaƙar abin, na biyu yana yaƙi dominsa. 'Yan'uwan sun bayyana cewa ma'ana ta biyu suke nufi. Da wannan fassara suka sake wa kalmar ma'ana, ta tashi daga "wanda bai waye ba" ta koma "wanda ba ya jin kunyar nuna ɗokinsa ga abin da yake so", ko ilmin taurari ne ko tarihi ko tatsuniya.

Bayan suna sai take. Takensu haruffa 5 ne, DFTBA, waɗanda ke tsaye a madadin wata jumla mai ma'anar kada ka manta ka zama na ƙwarai. Da shi ake sallama, da shi ake rufe wasiƙa, ana kuma buga shi a riguna. Suna da kalmar da suka ƙirƙira, worldsuck, wadda za a iya fassarawa da "tsiyar duniya", watau jimillar cuta da talauci da zalunci da ke cikinta, suka ce aikin jama'arsu shi ne rage ta. Har alamar hannu suna da ita: a gicciye hannuwa a ƙirji a ware yatsu irin gaisuwar da aka sani a wasan talabijin na Star Trek.

Duk wanda ya san ƙungiyoyin masu sauraren rediyo a ƙasar Hausa, da yadda 'yan zaɓi-sonka ke sanin juna ta laƙabi da gaisuwa tun ba su taɓa haɗuwa ba, ba zai yi mamakin wannan ba. Kalmar da bare bai gane ba ita ce katangar gida, wanda ya gane ta kuwa ya riga ya shiga.

5.0 Daga Kallo Zuwa Aiki

Henry Jenkins, a littafinsa na 1992 game da masoya shirye-shiryen talabijin, ya nuna cewa masoya ba 'yan amshin shata ba ne kurum, su ma suna ƙirƙira suna kuma shirya kansu. Wannan jama'a ta gaskata shi. A watan Disamba 2007 suka fara wani gangami na shekara-shekara mai suna Project for Awesome, inda kowa ke yin bidiyo yana tallata wata ƙungiyar agaji, a kuma tara kuɗi. A 2022 abin da aka tara ya haura dala miliyan 3. A 2010 'yan'uwan suka kafa taron VidCon na masu yin bidiyo, a 2012 kuma suka buɗe Crash Course da SciShow, tashoshin koyarwa da malamai ke amfani da su a azuzuwa.

Akwai kuma abin da ya ba jama'ar ranar tunawa. Wata yarinya daga cikinsu, Esther Earl, ta rasu a watan Agusta 2010 tana da shekara 16, bayan fama da ciwon daji. Ranar haihuwarta, 3 ga Agusta, ta zama ranar da suke gaya wa dangi da abokai cewa suna ƙaunarsu, kamar yadda ita ta roƙa. Ita John ya sadaukar wa littafinsa The Fault in Our Stars na 2012. Jama'ar da ta yi makoki tare ta wuce matsayin 'yan kallo.

A 2019 suka ɗauki alkawarin taimaka wa ƙungiyar Partners In Health ta tara dala miliyan 25 don kula da lafiyar mata masu haihuwa a gundumar Kono ta Saliyo. A watan Yuli 2023 kuma suka yi ca a kan kamfanin Johnson & Johnson game da haƙƙin mallakar bedaquiline, maganin tarin fuka mai bijire wa magani. A watan Satumba kamfanin ya ce ba zai tilasta wannan haƙƙi ba a ƙasashe 134 masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Adalci ne a faɗi cewa ƙungiyar likitoci ta MSF da masu fafutuka na Indiya sun yi shekaru suna wannan yaƙi, har ofishin rajistar haƙƙin ƙirƙira na Indiya ya ƙi amincewa da buƙatar kamfanin tun a watan Maris. Abin da jama'ar ta ƙara shi ne yawan murya a lokacin da ake bukatarta. Maganar ta shafe mu, domin Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa ɓarna.

6.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Tun 1956 Donald Horton da Richard Wohl suka yi bayanin wata dangantaka da ke ƙulluwa tsakanin mai kallo da wanda yake gani a talabijin: mai kallo yana jin ya san shi kamar aboki, alhali shi wancan bai san da zamansa ba. Salon hirar tsakar gida da muka ambata a baya yana ƙara wa wannan ji ƙarfi, kuma amanar da yake haifarwa tana iya zama tarko. A 2014 wasu matasa mata suka fito suka zargi waɗansu mawaƙan YouTube da cin zarafinsu, ciki har da masu hulɗa da DFTBA Records, kamfanin waƙa da Hank ya kafa da abokinsa a 2008. Kamfanin ya yanke hulɗa da su. Darasin shi ne, take mai kyau ba ya tace halin mai faɗinsa.

Sa'an nan akwai batun kasuwa. An sayar da VidCon ga kamfanin Viacom a 2018, dandalin da jama'ar ke taruwa kuwa mallakar Google ne tun 2006, kuma da talla yake rayuwa. Ke nan jama'ar 'yar haya ce a gidan wani, mai gida kuma yana iya sauya doka ba tare da ya shawarce ta ba.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda kalmar zambo ta sami sabuwar ma'ana, yadda suna da take da gaisuwa suka shata iyakar jama'a, da kuma yadda wannan jama'a ta iya tara dukiya da matsa wa babban kamfani lamba. Mun kuma ga cewa kusancin da ya ba ta ƙarfi shi ne ƙofar rauninta. Ga mai nazarin harshe, abin lura shi ne ma'anar kalma ba ta sauyawa don ƙamus ya ce ta sauya, sai in an sami mutanen da suka yarda su amsa ta, suka kuma yi aikin da zai cika ta. Yanzu da matasa masu jin Hausa suke taruwa a bayan nasu masu yin bidiyo, lokaci ya yi da ɗalibanmu za su fara tattara laƙubba da take da gaishe-gaishen da ke fitowa daga can, tun kafin su shuɗe ba a rubuta su ba.