Kumburin ciwon zuciya: Me magungunan gargajiyar Sin ke iya yi?

Idan zuciya ta gaza harba jini yadda ya kamata, ruwa kan taru a jiki. Ƙafafu su kumbura, takalmi ya matse, idan ruwan ya kai huhu kuma mutum ya kasa kwanciya sai ya jingina. Likitocin gargajiya na ƙasar Sin sun daɗe suna fama da wannan larura.

Kusan shekara 1,800 da suka wuce, wani likita mai suna Zhang Zhongjing ya rubuta haɗe-haɗen da har yau ake amfani da su. Ɗaya daga ciki shi ne Zhenwu Tang, mai kayan haɗi biyar, ciki har da ɗanyar citta, da fuling, wani nau'in naman kaza da ke fitowa a saiwar bishiya, da kuma saiwar fuzi. A fahimtarsu, ɗumin jiki ne ya yi rauni har ruwa ya yi ambaliya, don haka sai a ɗumama jikin a kuma saki fitsari.

Wanda kimiyya ta fi gwadawa shi ne kafso mai suna Qiliqiangxin, wanda aka haɗa da tsirrai 11. A 2024 mujallar Nature Medicine ta wallafa binciken da aka yi kan masu gazawar zuciya fiye da 3,100 a asibitoci 133. Cikin waɗanda suka sha shi, kashi 25 cikin 100 ne aka kwantar a asibiti saboda zuciyar ko suka rasu, yayin da adadin ya kai kashi 30 a ɓangaren da aka bai wa kafson da babu magani a ciki.

Wannan sakamako ba abin rainawa ba ne. Sai dai akwai abin da masu talla ba sa faɗa: marasa lafiyar ba su ajiye magungunan asibiti ba, ƙari aka yi musu a kai, kuma likitoci na duba su.

Su kansu tsirran ba abin wasa ba ne. Fuzi guba ce idan ba a sarrafa ta an dafa ta sosai ba, tana rikita bugun zuciya har ta kashe. A cikin kafson ma akwai wani ɓawon saiwa mai aiki irin na digoxin, wanda wasu masu ciwon zuciya ke sha dama. Danshen kuma na ƙara ƙarfin warfarin, maganin tsinka jini. Saiwar gancao mai zaƙi, wadda ke cikin haɗe-haɗe da yawa, ita da kanta tana sa jiki riƙe gishiri da ruwa idan an yawaita ta.

Ga kuma matsalar musanya. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, an saka wani tsiro mai guba a madadin fangji, saiwar da Sinawa ke bayarwa don kumburi, cikin maganin rage ƙiba. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace.

Mai kumburin ƙafa da ya ga tallar irin waɗannan magunguna a wayarsa, ya fara zuwa asibiti a gano ko daga zuciya ne, ko ƙoda, ko hanta. Idan kuma ya riga ya fara sha, ya tafi wa likita da kwalin.